Ruwan da ke daina tafasa: fashin baƙi kan hiliyam a matsanancin sanyi

In aka zuba ruwan hiliyam, wato iskar gas marar nauyi da sanyi ya mayar ruwa, a tulun gilashi mai bango biyu, aka haɗa masa famfo mai zuƙe tururin da ke samansa, sanyinsa zai riƙa ƙaruwa sannu a hankali. Da farko tafasa yake yi babu ƙaƙƙautawa, kumfa na ta tasowa daga ƙasa, domin a wurin ruwa mai irin wannan sanyi ɗumin ɗaki ma wuta ne. Ma'auni na sauka: 4, 3, 2.5. Yana isa 2.17 a ma'aunin Kelvin sai tafasar ta tsaya cak. Babu kumfa ko ɗaya, saman ruwan ya kwanta luf, har mai kallo ya yi zaton tulun ya ƙafe. Alhali ruwan na nan, kuma bai daina zama tururi ba. Daga samansa kawai yake tashi yanzu. Wani abu ya sauya a cikinsa, kuma sai da masana suka shafe shekara talatin da ruwan a hannunsu kafin su gane ko mene ne.

Ma'aunin Kelvin yana fara ƙirga ne daga sifilin ƙarshe, iyakar sanyin da babu wani a ƙasa da shi, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Hiliyam na zama ruwa a 4.2, kimanin digiri 269 ƙasa da sifili ke nan. Wanda ya fara mayar da shi ruwa shi ne Heike Kamerlingh Onnes, a birnin Leiden na ƙasar Holan, ranar 10 ga Yulin 1908. Ruwan ba shi da launi, nauyinsa kashi ɗaya bisa takwas ne na ruwan sha, kuma haske na ratsa shi kusan yadda yake ratsa iska, shi ya sa a ranar sai da aka haska tulun daga ƙasa kafin a tabbatar cewa akwai ruwa a ciki. Onnes ya so ya daskarar da shi, ya yi ta ƙara masa sanyi, abin ya faskara. Sai a 1926 ɗalibinsa Willem Keesom ya daskarar da shi, shi ma da ƙarfin matsi. Ko a gab da sifilin ƙarshe, sai an danne hiliyam da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 25 kafin ya zama ƙanƙara.

Dalilin wannan taurin kai shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. Ƙwayoyin zarrar hiliyam ba su da nauyi, kuma ba sa jan junansu sosai. Dokokin kwantam kuma, wato dokokin da ke tafiyar da ƙananan abubuwa irin ƙwayar zarra, sun hana kowace ƙwaya tsayawa wuri guda babu motsi: gwargwadon yadda aka takura ta a ƙaramin wuri, gwargwadon yadda motsinta ke ƙaruwa. A sauran abubuwa wannan ɗan motsi bai kai ya kawo ba, jan da ke tsakanin ƙwayoyi ya fi ƙarfinsa, sai su daskare tun kafin sanyi ya yi nisa. A hiliyam motsin ne ke rinjaye. Saboda haka shi kaɗai ne ke kaiwa yankin da dokokin kwantam ke mulki yana nan a matsayin ruwa, yana iya kwarara. Abin da aka saba nema a cikin ƙwayar zarra guda, wanda ido ba ya gani, sai ga shi cike da tulu.

A Leiden ɗin dai aka fara lura cewa akwai wata iyaka a wajen 2.2. A 1932 Keesom da Klaus Clusius suka auna yawan zafin da ruwan ke sha kafin ɗuminsa ya ƙaru, sai layin zanen ya yi tsalle sama a daidai wurin, ya yi siffar harafin Girkanci lamda, daga nan ake kiran iyakar da wannan suna. Ruwan da ke sama da ita aka ce masa hiliyam na ɗaya, na ƙasa da ita hiliyam na biyu.

Labarin ya fashe ne a Janairun 1938, lokacin da mujallar Nature ta buga rahotanni biyu a fitowa guda. Ɗaya na Pyotr Kapitza ne daga Mosko, ɗaya kuma na John Allen da Don Misener daga Kambirij ta Ingila. Akwai ɗan abin mamaki a nan: ɗakin gwajin da Allen da Misener ke aiki a ciki don Kapitza aka gina shi, amma da ya je gida hutu a 1934 gwamnatin Sobiyet ta hana shi komawa. Abin da duka ɓangarorin suka auna shi ne danƙon ruwan, wato jan da sassan ruwa ke yi wa junansu da kuma bangon da suke bi, abin da ke sa man inji ya fi ruwa jinkirin zuba. Kapitza ya matse faifan gilashi biyu har tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya bisa dubu na milimita ba. Hiliyam na ɗaya da ƙyar yake ratsa wurin. Hiliyam na biyu kuwa sai ya zube ta ciki cikin daƙiƙoƙi, kamar babu komai a gabansa. Allen da Misener da siraran bututu suka yi nasu, suka ga gudun ruwan kusan bai damu da yawan matsin da ke tura shi ba, abin da babu wani ruwa da ke yi. Kapitza ya samu kyautar Nobel a 1978. Allen da Misener ba su samu ba, kuma a ganina ba a yi musu adalci ba.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A wannan shekarar dai, a Leiden, an rataya faifai da siririn zare a cikin hiliyam na biyu, aka murɗa shi aka sake, yana juyawa hagu da dama. Da ruwan ba shi da danƙo, da faifan ya yi ta juyawa. Sai ga shi juyin na raguwa, ruwan na jan sa kamar yadda ruwa ya saba. Ruwa ɗaya, sanyi ɗaya, gwaji biyu, amsa biyu masu karo da juna, kuma babu wanda ya yi kuskure a awonsa.

Fritz London ne ya fara hango bakin zaren. Tun 1924 da 1925 Satyendra Nath Bose na Indiya da Albert Einstein sun nuna a lissafi cewa akwai jinsin ƙwayoyin da ba sa ƙin zama a hali ɗaya da 'yan'uwansu, kuma in sanyi ya kai wani matsayi, ɗimbinsu za su taru a hali mafi ƙarancin kuzari, su zama abu guda a idon kwantam. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin wasan lissafi. London ya sa nauyi da cunkoson ƙwayoyin hiliyam a cikin lissafin, ya samu kimanin 3.1 a ma'aunin Kelvin. Bai zo daidai da 2.17 ba, amma kusancin ya wuce a ce dace ne. Bambancin taron kasuwa da sojojin fareti ke nan: a taron kasuwa kowa na iya cin karo da bango ya tsaya shi kaɗai, a fareti kuwa ba ka tsayar da mutum ɗaya sai ka tsayar da sahun gaba ɗaya, kuma ɗan ƙaiƙayin bango ba shi da wannan ƙarfi.

László Tisza ya ɗora a kan wannan, ya ce a ɗauka hiliyam na biyu ruwa biyu ne da ke ratsa juna. Ɗaya na yau da kullum ne, yana da danƙo, shi ke ɗauke da duk zafin. Ɗayan ba shi da danƙo, ba ya ɗauke da zafi ko kaɗan. A siririyar kafa, mai danƙon ne ke maƙalewa, ɗayan ya wuce, sai a auna a ce babu danƙo. A kan faifai mai juyawa kuwa, mai danƙon ne ke ja, sai a auna a ce akwai. Lev Landau ya zo a 1941 ya gina wa wannan hoto ginshiƙi mai ƙarfi. Shi ma da ƙyar ya kai ga aikin: an kama shi a Afrilun 1938, ya yi shekara guda a kurkuku, sai da Kapitza ya rubuta wa shugabannin Sobiyet Stalin da Molotov, ya ce yana buƙatarsa don fassara abin da ya gano, sannan aka sake shi. A 1946 Elepter Andronikashvili ya gwada maganar a Mosko. Ya jera siraran faya-fayai a kan sanda ɗaya, kusa da juna ƙwarai, ya rataya su suna juyawa cikin ruwan. Mai danƙon na maƙalewa tsakanin faya-fayan ya ƙara musu nauyi, marar danƙon ba ya bin su. Daga saurin juyin ya karanta rabon kowanne: a 2.17 duka ruwan mai danƙo ne, yana sauka kason na raguwa, ƙasa da 1 kuwa kusan babu shi.

A nan ake yawan zamewa, don haka a kula. Ba wai akwai ƙwayoyi iri biyu da za a iya tacewa a raba ba. Duk ƙwayoyin iri ɗaya ne. "Ruwa biyu" hanya ce ta bayyana motsi iri biyu da ruwa ɗaya ke iya yi a lokaci guda. A wurin Landau, abin da ake kira mai danƙo ba komai ba ne illa tarin ƙananan girgiza da zafi ke tayarwa a cikin ruwan, suna yawo suna karo da bango. Kuma kada a haɗa kason marar danƙo da kason ƙwayoyin da suka taru a halin da Einstein ya faɗa. Awon da aka yi da harbin niyutron, ɗaya daga ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, ya nuna waɗannan ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba ko a matsanancin sanyi, alhali a lokacin kusan duk ruwan ne ke kwarara babu danƙo. London yana da gaskiya game da tushen abin, Landau yana da gaskiya game da yadda yake aiki, kuma sun daɗe ba su yarda da juna ba.

Da wannan hoto a hannu, abubuwan al'ajabin sai su fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya. In aka ɗumama wani gefe na ruwan, mai danƙon zai ɗauki zafin ya gudu da shi, marar danƙon kuma ya rugo ya cike gurbin. Ruwan a dunƙule bai motsa ba, amma zafin ya tafi, da saurin da ya ninka na jan ƙarfe sau ɗaruruwa. Kumfar tafasa na buƙatar wani wuri da ya fi kewayensa zafi, a nan kuwa babu wurin da zai samu damar yin hakan. Haka nan in aka toshe ƙasan bututu da gari mai laushi sosai, aka haska masa fitila, marar danƙon zai ratsa garin ya nufi wurin ɗumin, mai danƙon ya kasa fitowa, matsi ya taru, ruwa ya yi tsiri sama ta bakin bututun. Allen da Harry Jones suka fara ganin wannan a 1938. Zafi ma a cikin wannan ruwa ba ya bazuwa sannu-sannu kamar a sauran abubuwa. Tafiya yake yi igiya-igiya kamar sauti, da gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa, abin da Vasily Peshkov ya auna a 1944.

Wanda ya fi shahara shi ne hawan bango. A ɗaga ƙaramin kofi cike da hiliyam na biyu, sai a ga ɗigo na taruwa a ƙasansa ta waje, yana ɗiga, har kofin ya ƙare tas ba tare da ya huje ba. Ni ban ɗauke shi a matsayin mafi girman al'ajabin ba. Duk ruwan da ke jiƙa bango yana shimfiɗa siririn fim, wato 'yar shimfiɗar ruwa, a kansa. Danƙo ne ke hana fim ɗin tafiya. Na hiliyam kaurinsa kimanin nanomita 30 ne (nanomita kashi ɗaya bisa miliyan ne na milimita), kuma da yake babu abin da ke riƙe shi, sai ya zama hanyar tsiyaya.

Babbar tambayar ita ce: wannan rashin danƙo yana da iyaka? Landau ya lissafa cewa ruwa mai gudu ba zai yi asarar kuzari ba sai in gudun ya isa ya haifar da irin girgizar nan a cikinsa, kuma mafi ƙarancin gudun da zai yi hakan kusan mita 60 ne a daƙiƙa. Da aka je ɗakin gwaji sai aka ga abin na lalacewa tun a 'yan santimita a daƙiƙa, a manyan bututu ma ƙasa da haka. Ga kuma wata matsalar. Bisa lissafi, ruwa marar danƙo ba zai bi bokitin da ake juyawa ba, tunda babu abin da bangon zai kama shi da shi. A 1950 D. V. Osborne ya juya shi, sai saman ruwan ya lotsa a tsakiya daidai yadda kowane ruwa ke yi.

Lars Onsager a 1949 da Richard Feynman a 1955 suka kawo amsa. A kwantam ƙwaya na tafiya ne kamar igiyar ruwa. Tunda duk ruwan igiyar kwantam guda ce ke tafiyar da shi, in ka bi wani zagaye a cikinsa ka dawo inda ka fara, dole igiyar ta haɗu da kanta daidai. Tana iya naɗewa sau ɗaya, ko biyu, ko ba ta naɗe ba sam, amma babu rabi. Saboda haka ruwan ba ya iya juyawa yadda ya ga dama. Yana juyawa ne kawai a kewayen wasu siraran zaruruwa, kowanne ƙaramar guguwa ce mai rami a tsakiya da faɗinsa bai wuce na ƙwayar zarra guda ba, kuma ƙarfin juyin kowanne ɗaya ne tak: lambar Planck, wato ƙaramar lambar da ke tushen lissafin kwantam, a raba da nauyin ƙwayar hiliyam. Zaren ba ya iya yankewa a tsakiyar ruwa. Ko dai ya ƙare a bango, ko ya haɗe da kansa ya zama zobe. In aka juya bokitin, zaruruwan ne ke jeruwa a tsaye, dubbai, kuma in ka haɗa juyinsu sai ya yi kama da na ruwan yau da kullum. Bokitin da ke zagaye ɗaya a daƙiƙa yana ɗauke da sama da 12,000 a kowace santimita murabba'i. Su ne kuma ke satar kuzarin ruwa mai gudu tun kafin ya kusanci iyakar Landau.

Joe Vinen ya auna ƙarfin juyin zare guda a 1961, da siririyar waya mai kaɗawa a tsakiyar tulu, ya samu abin da aka lissafa. A 1979 a Berkeley ta Amurka, rukunin Richard Packard ya cusa ilektron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, cikin ramukan zaruruwan, ya jawo su sama zuwa allo mai haske, aka ɗauki hoto: ɗigo ɗaya, biyu, uku, har suka jeru cikin tsari. A 2006 kuma a jami'ar Maryland aka watsa ƙananan ɓurɓushin daskararren haidirojin a cikin ruwan, ɓurɓushin ya maƙale a kan zaruruwan, aka gan su da kamara suna lanƙwasa.

Nan ne binciken yau ya fi zafi, kuma nan ne nake ganin ainihin darajar abin take. Hargitsin ruwa, irin wanda ke bayan jirgi ko cikin bututu mai gudu, yana cikin matsalolin da kimiyyar fizik ba ta gama warwarewa ba, saboda guguwoyin ruwan yau da kullum ba su da iyaka a girma ko ƙarfi, suna narkewa cikin juna. A hiliyam na biyu hargitsi tarin zaruruwa ne da suka sarƙe, kowanne irin ɗan'uwansa sak. In biyu suka gamu sai su yanke su sake ɗaurewa da juna, su yi baya da sauri. Abin da ba a yi tsammani ba shi ne sakamakon da Jean Maurer da Patrick Tabeling suka samu a Faris a 1998. Sun dama hiliyam da faya-fayai biyu masu juyawa saɓanin juna, sama da iyakar lamda da ƙasa da ita, sai rabon kuzari tsakanin manya da ƙananan guguwoyi ya fito iri ɗaya, daidai da dokar da Andrey Kolmogorov ya tsara wa ruwan yau da kullum a 1941. Zaruruwan na haɗuwa dami-dami su kwaikwayi babbar guguwa. Sai tambaya ta biyo baya: a ruwan yau da kullum danƙo ne ke cinye kuzarin a ƙarshe, to a gab da sifilin ƙarshe, inda mai danƙon ya ɓace, me ke cinye shi? Domin an auna, hargitsin na lafawa. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa yankewa da ɗaurewar na tayar da igiyoyi a jikin zaren kansa, suna ƙara ƙanƙancewa har su kai saurin da za su fita a matsayin sauti. Ganin wannan kai tsaye yana da wuya, tunda duk ɓurɓushin da aka sa don a gani ya fi ramin zaren faɗi sau dubbai.

Akwai kuma ɗan'uwan, hiliyam-3, mai niyutron ɗaya maimakon biyu. Wannan ɗan bambanci ya jefa shi cikin ɗayan jinsin, na ƙwayoyin da ba sa yarda biyu su zauna a hali guda, kuma lallai a 2.17 babu abin da ke samunsa, wanda hakan kansa hujja ce ga London. Sai sun yi bibbiyu, kamar yadda ilektron ke yi a wayar da lantarki ke bi babu tirjiya, sannan su kwarara babu danƙo, kuma hakan na buƙatar sanyin da ya kai kashi 2 zuwa 3 bisa 1,000 na Kelvin guda. David Lee da Douglas Osheroff da Robert Richardson suka ci karo da shi a jami'ar Cornell, suka buga a 1972, da farko ma sun zaci a daskararren hiliyam sauyin ya faru. Sun karɓi Nobel a 1996, Anthony Leggett da ya fassara tsarin ya karɓa a 2003.

Wajen amfani, saurin kwashe zafin nan ne ake saye. Na'urar karo da ƙwayoyi ta CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, da ke ƙarƙashin iyakar Faransa da Siwizalan, zobe ce mai tsawon kilomita 27, kuma manyan maganaɗisunta 1,232 suna jiƙe cikin hiliyam na biyu a 1.9, ƙasa da 2.7 na sararin samaniya. Ruwan na kutsawa kowace kafa tsakanin wayoyin ya kwashe duk ɗan zafin da ya taso. A Satumban 2008 wani haɗin lantarki tsakanin maganaɗisu biyu ya narke, kimanin tan 6 na hiliyam ya ɓalle da ƙarfi, na'urar ta yi sama da shekara a rufe.

Masu nazarin taurari ma sun shigo ciki. Tauraron niyutron, gawar babban tauraro da ta dunƙule ta koma faɗin birni guda, ana kyautata zaton cikinsa ruwan niyutron ne marar danƙo. Irin waɗannan taurari juyinsu na raguwa a hankali, amma a 1969 aka ga wani da ake kira Vela, mai zagaye kusan 11 a daƙiƙa, ya ƙara gudu farat ɗaya, kuma yana maimaita hakan duk bayan 'yan shekaru. Philip Anderson da Naoki Itoh suka ba da bayani a 1975: ɓawon tauraron na rage gudu, ruwan cikin kuwa ba zai iya ragewa ba sai zaruruwansa sun matsa waje, su kuma sun maƙale a jikin ɓawon. Bambancin gudun na taruwa har su kuɓuce gaba ɗaya, su miƙa wa ɓawon juyin da suka riƙe. An kwaikwayi abin a ɗakin gwaji da ƙwallo mai juyawa cike da hiliyam na biyu, kuma shi ma an ga yana ƙara gudu farat ɗaya lokaci zuwa lokaci.